Rumbun Takardun Ƙungiya: Wa Ke Riƙe da Makulli?

Gaisuwa ga masu lodin dabino a nan Tamanrasset, da direbobin da ke kan hanyar In Gezzam, da waɗanda suka tsallaka Assamaka suka nufi Arlit da Agadas, har zuwa ƴan uwanmu na Tawa da Abalak. Gaisuwa ta musamman ga makiyayan da suka rataya rediyo a jikin sirdi suna bin garke. Allah ya ba da sa'a, ya sa a sauka lafiya.

Yau zancenmu na kwamfuta ne. To, kada wani ya murɗa akwatinsa ya ce wannan na ƴan lakkol ne. Ku ɗan ba ni aron kunne, domin maganar ta shafi aljihunku. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na makiyaya sun fara sha'awar ajiye takardunsu a cikin kwamfuta ɗaya, wadda kowane ɗan ƙungiya zai iya shiga da wayarsa ya duba. Abu ne mai kyau. Amma galibi yaro ɗaya ne ake miƙa wa ita, shi kaɗai ya san yadda ake buɗewa da rufewa, manya kuma su ce ai mu ba mu iya ba. Abin da nake so ku tashi da shi yau shi ne: ba sai kun iya danna madannai ba kafin ku san abin da za ku tambayi wanda kuka ba riƙon rumbun.

Takardun da ke ci mana tuwo a ƙwarya

Bari mu fara da abin da ake ajiyewa. Fataucin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda da ake yi tsakanin kudancin Aljeriya da Nijar da Mali yana da dokarsa. Wadda aka sa wa hannu ranar 2 ga Yuli, 2020, ta jera kayan da aka yarda su fita da waɗanda aka yarda su shigo. Daga nan ana fitar da busasshen dabino, gishiri, barguna, kayan gida na roba da na alminiyom. Daga can kuma ana shigo da dabbobi a tsaye, wato raƙuma, shanu, tumaki da awaki, sai lalle, ganyen shayi, kayan yaji, gero, gyaɗa, mangwaro da yadin rawani. Mai wannan sana'a sai yana da rajistar kasuwanci, kuma sai sunansa ya shiga jerin da wali ke amincewa da shi. Dabba ba ta wucewa sai likitan dabbobi ya duba ta.

Kun ga kowane mataki a nan takarda ne. Takardar duwan, ko kwastan in ji mutanen Najeriya. Takardar rigakafi. Rasit na kaya. Ga kuma littafin bashi, wanda shi ne ya fi raba zumunci: buhu nawa aka ba wane a lokacin baje kolin Assihar, da alkawarin raguna nawa zai kawo kafin babbar Salla. Makiyayi ma yana da nasa: hoton tambarin da aka yi wa raƙumi da wuta, da tsagar kunnen saniya, waɗanda ake nunawa idan dabba ta ɓata aka tsince ta a wata kasuwa.

Yanzu ina waɗannan suke kwana? A cikin waya. An ɗauki hoto, an tura ta WhatsApp, an tura ta Xender, an zuba a katin memori. Ranar da waya ta faɗa rijiya, ko aka zare ta a tasha, shi ke nan, shekara uku ta tafi. Sai a shiga kiran mutane: don Allah ko kana da hoton takardar nan? Wani ya goge, wani lambarsa ba ta shiga, mota kuwa tana tsaye da kaya a rana. Daga Tamanrasset zuwa In Gezzam kusan kilomita 400 ne. Babu mai son komawa wannan nisa don lambar takarda ɗaya.

Mene ne rumbun?

Kwamfuta ce guda da ake ajiyewa a ofishin ƙungiya ko a bayan shago, a bar ta a kunne. Masu fassara kalmomin kwamfuta zuwa Hausa sun raɗa mata suna uwar garke, kuma makiyaya kun fi kowa gane wannan suna: ita ce saura ke kewayewa. Ana haɗa ta da akwatin wifi. Duk wanda ya shigo harabar da wayarsa ko kwamfutarsa, in an ba shi izini, zai ga takardun da ke ciki, ya karanta ko ya ƙara nasa. Ku lura da wannan: a cikin harabar ba a bukatar intanet. Ko rezo ya ɗauke a garin baki ɗaya, wayarku da rumbun suna magana ta wifi ɗin gida. Ba sai babbar na'ura ba. Tsohuwar kwamfutar ofis tana yi. Akwai ma wata ƙarama kamar tafin hannu mai suna Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a Birtaniya a 2012, wutar da take ci kuwa allon sola da batir ɗaya suna ɗauka.

Manhajar da aka fi sa wa irin wannan rumbu sunanta Samba. Na san Fulanin da ke saurare sun yi murmushi, don a wurinsu Samba ko Sambo sunan ɗa na biyu ne. To, wannan ba ɗan rugar kowa ba ne. Wani ɗalibi ne a wata jami'a da ke birnin Kanbera na ƙasar Ostareliya, Andrew Tridgell, ya fara rubuta ta a ƙarshen 1991, ya sake ta ga jama'a a farkon 1992. Yaren da kwamfutocin Windows ke amfani da shi wajen miƙa wa juna fayil ana kiran sa SMB. Da aka bukaci sabon suna, sai ya binciki ƙamus ya nemi kalmar da ke da waɗannan haruffa uku a jere, ya faɗa kan Samba. Kyauta ce, ba a sayen lasisi. Ana ɗora ta a kan Linux, wadda ita ma kyauta ce tun da Linus Torvalds ya fito da ita a 1991. Kwamfutar Windows tana ganin rumbun kai tsaye, iPhone ma haka, wayoyin Android kuma da yawa daga manhajojin duba fayil sun iya shiga.

Baƙin allo

In kun leƙa lokacin da yaron ke aiki a kanta, za ku ga allo baƙi ƙirin, babu hoto, babu abin taɓawa da yatsa, sai rubutu. Shi ake kira layin umarni. Mutum ya rubuta abin da yake so, ya danna, na'ura ta amsa da rubutu. Wasu iyayenmu in sun ga haka sai gabansu ya faɗi, su ce yaron nan ɓoye mana wani abu yake yi. A'a baba, akwai dalili.

Na ɗaya, rubutu ba shi da nauyi. Hoto ɗaya da kuka ɗauka da waya ya fi dubban layukan umarni nauyi. Gaskiya ne an ja wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa daga Aljas har In Gezzam, sama da kilomita 2,000, amma duk wanda ke bin hanyar nan ya san da zarar an bar gari rezo sai a hankali. Inda hoto ya ƙi buɗewa, layi ɗaya na rubutu yakan ratsa. Na biyu, ƙaramar kwamfuta ba ta wahala in ba a ɗora mata kayan ado ba. Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci a gare ku: umarnin da aka rubuta ana iya karanta shi, ana iya kwafe shi a littafi, ana iya nuna wa wani masani ya duba. In aka rubuta kalmar history, na'ura za ta jero umarnin da aka ba ta a baya. Yaron da ke da gaskiya ba zai ji tsoron nuna muku wannan jeri ba.

Ɗakunan rumbu

Duk tsarin Samba yana cikin fayil ɗaya mai suna smb.conf. Ku ɗauke shi kamar takardar rabon gida. A ciki ake rubuta ɗaki nawa ne a rumbun, ina kowanne yake, wa zai shiga, wa zai tsaya a ƙofa. Layin da ake kira valid users shi ke jera sunayen waɗanda aka yarda su shiga ɗakin. Layin read only in aka ce masa yes, to kallo kawai za a yi, ba a taɓawa. Layin write list kuma shi ke ware ƴan kaɗan ɗin da aka ba damar rubutu a ɗakin da saura ke kallo kawai. Akwai kuma guest ok, wanda in aka bar shi a buɗe, kowane baƙo da ya samu wifi ɗinku zai shiga ba sallama. Wannan a ce masa no.

A ganina ƙungiya ta yi ɗaki uku aƙalla. Ɗakin kowa da kowa, inda ake sa sanarwa, farashin kasuwa da kwafin dokoki. Ɗakin takardun kaya da na dabbobi, inda ƴan ƙungiya ke karantawa, magatakarda ke sakawa. Sai ɗakin bashi da kuɗin asusu, wanda ma'aji da shugaba ne kawai ke rubutu a ciki. In kowa na iya gyara littafin bashi, ai ba littafi ba ne kuma. Buhu 40 zai wayi gari ya zama 14, a rasa wa za a kama.

Duk lokacin da aka taɓa wannan fayil, akwai umarni mai suna testparm da ke karanta shi daga sama har ƙasa ya faɗi in an yi kuskuren rubutu. Daƙiƙa biyu yake ɗauka. Direban kirki ba ya tashi da lodi bai zagaya mota ya duba taya ba. Wannan ma haka.

Kowa da makullinsa

Nan ne aka fi yin sakaci. Don sauƙi, sai a yi suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya a raba wa mutum talatin. Ranar da aka yi rigima wani ya fita daga ƙungiya, yana nan da makulli a aljihu. Ranar da takarda ta ɓace, kowa ya rantse ba shi ba ne, kuma babu hanyar ganewa, don na'ura suna ɗaya ta sani.

Gyaran ba shi da wuya. Ana buɗe wa kowane mutum sunansa a cikin Linux, sannan a rubuta smbpasswd da alamar -a da sunan nasa. Na'ura za ta nemi kalmar sirri sau biyu. Ku ce wa yaron ya juya muku madannai ku rubuta da hannunku, ko ɗanku da kuka amince da shi ya rubuta muku. Ba dole ne mai kula da rumbu ya san kalmarku ba. In kun manta, yana iya ba ku damar sa sabuwa. Kuma don Allah a daina sa lambar waya ko lambar mota ko 1234. Ku haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da dangantaka da juna, waɗanda ku kaɗai za ku tuna.

In wayar wani ta ɓace, ko ya bar ƙungiya, umarnin nan dai da alamar -d yana dakatar da makullinsa nan take. In wayar ta dawo, alamar -e ta maido masa. In rabuwar ta har abada ce, alamar -x ta share sunan. Abu ɗaya da za a kiyaye: wanda ya riga ya shiga ciki a lokacin da aka dakatar da shi, sai an katse shi ko an sake tayar da manhajar kafin ya fita. Akwai kuma pdbedit da alamar -L, mai jero duk masu makulli. Sau ɗaya a wata, a zaman ƙungiya, a karanto wannan jeri da babbar murya. In kun ji sunan da ba ku sani ba, ko na wanda ya rasu, ko na wanda ya koma Agadas tun bara, ku tsayar da zaman sai an yi bayani.

Umarni na gaba sunansa smbstatus. Shi kamar leƙa zaure ne a ga wa ke zaune. Yana nuna sunayen waɗanda ke ciki a wannan lokaci, daga wace na'ura suka shigo, da fayil ɗin da suka buɗe. Wani sa'in ma'aji zai ce littafin bashi ya ƙi karɓar rubutu, ya fara zargin an yi masa wani abu. Sau da yawa ba komai ba ne illa wani ya buɗe shi ya tafi salla bai rufe ba, Samba kuma ta riƙe shi don kada mutum biyu su rubuta a wuri ɗaya. Da smbstatus za a ga ko wane ne, a aika yaro ya kira shi.

Sai df da alamar -h, mai faɗin ko rumbu ya kusa cika. In ya haura kashi 90 cikin 100, a tashi tsaye. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, ba rasit ke cika rumbu ba. Bidiyon biki ne, da kokawa, da finafinai. A yi doka tun farko. Wajen sharewa kuma a yi hattara, domin umarnin rm ba ya tambaya sau biyu, ba shi da kwandon shara da za a koma a tono. Abin da ya share ya tafi. Samba tana da wani tsari mai suna recycle, wanda in ɗan ƙungiya ya goge fayil daga wayarsa sai a kai shi wani lungu a ɓoye maimakon a hallaka shi. Ku ce a kunna muku shi.

Ƙofar da ba a buɗe wa titi

Yanzu ga tambayar da na san direbobi na ta yi a zuci: in ina Arlit, zan iya shiga rumbun da ke Tamanrasset? Ana iyawa, amma akwai hanyar da ba a bi. Kwamfuta tana da ƙofofi masu lamba, kuma wadda Samba ke saurare a kanta ita ce lamba 445. Wannan ƙofa ta cikin gida ce. Duk wanda ya ce zai buɗe muku ita ga intanet don a samu sauƙi, ku ce masa a'a.

Ga dalili. Ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya ta wannan ƙofa. Ta kama kwamfutocin Windows sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Abin da take yi shi ne ta kulle duk fayil ɗin da ta samu, ta rubuta a allo cewa sai an biya dala 300 kafin a buɗe. A Ingila har asibitoci suka dinga mayar da marasa lafiya gida. Abin takaicin, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar, mutane ne ba su sa ba. Ba a yi mako biyu ba, masu kula da Samba su ma suka sanar da tasu ɓarakar, suka fitar da gyara. Tsohon salon yaren nan, wanda ake kira SMB1, shi ne WannaCry ta bi. Tun daga fitowar Samba 4.11 a watan Satumba na 2019, a kashe yake zuwa. In wani ya ce zai kunna shi don wata tsohuwar na'ura ta samu shiga, a nemi wata dabara.

Darasi biyu ke nan: a rufe ƙofa, kuma a riƙa sabunta manhaja duk lokacin da aka samu intanet mai ƙarfi. Mai son shiga daga nesa, akwai hanyar ɓoye da ake kira VPN, wadda sai mai makulli na musamman ke bi. Shi kuma mai kula da rumbu yana da ssh, wanda ke ba shi baƙin allon nan daga duk inda yake, a asirce. In an tsara shi tun farko, yana iya dakatar da makullin wayar da aka sace alhali yana zaune a tashar In Gezzam.

Ba a zuba hatsi duka a rumbu ɗaya

Manomi ya san gobara, ya san gara. Faifan ajiyar kwamfuta ma yana mutuwa, kuma ba ya sallama. Mu a nan muna da ƙura, muna da zafi. Tamanrasset da sauƙi tunda muna bisa tudu, sama da mita 1,300, amma In Gezzam a bazara kun san yadda take. Ga ɗaukewar wuta: in ta ɗauke ana tsakar rubutu, fayil na iya lalacewa. Don haka a ɗaga na'urar daga ƙasa, a sa ta inda iska ke ratsawa, kada a lulluɓe ta da bargo wai don ƙura, kuma a sa mata batir tsakaninta da wutar gari.

Amma babban magani shi ne kwafi na biyu. Akwai umarni mai suna rsync, kuma abin sha'awa, Tridgell ɗin nan ne dai ya rubuta shi tare da abokin aikinsa Paul Mackerras a 1996. Hikimarsa ita ce ba ya sake kwashe komai daga farko. Yana duba abin da ya canza tun kwafin baya, ya ɗauki wannan kaɗai. Shi ya sa aikin da ya ci awa a ranar farko yakan ƙare cikin mintoci a sauran ranaku. Yana da alamar -n, wadda ke nuna abin da zai yi ba tare da ya yi ba, kamar a gwada awo kafin a zuba a buhu. Akwai kuma alamar --delete, mai share duk abin da babu shi a rumbun asali. Wannan wuƙa ce mai baki biyu. In an goge takarda bisa kuskure da safe, aka yi kwafi da ita da yamma, to an goge ta a wuri biyu.

Shawarata, ƙungiya ta sayi faifan waje guda biyu. A yi kwafi a na farko wannan Juma'a, a zare shi, ya kwana a gidan shugaba. Juma'a mai zuwa a kawo na biyu, shi kuma ya kwana a gidan ma'aji. Faifan da aka bari a maƙale da na'ura dare da rana ba ajiya ba ne: ɓarawon da ya ɗauki kwamfuta zai haɗa da shi, manhaja irin WannaCry ma za ta kulle shi tare da saura. Sannan lokaci zuwa lokaci a gwada. A zaɓi takarda ɗaya, a ce wa yaron ya fito da ita daga faifan ajiya a gaban mutane. Rijiyar da ba a taɓa zura mata guga ba, ba a san ko da ruwa ba.

Malamin ayari na zamani

Iyayenmu fatake da suka yi safarar goro zuwa Gwanja ba su tafiya haka kawai. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba, yana da uban dawaki, yana kuma da malamin ayari mai riƙe da alƙalami. Malamin yana rubutu, amma dukiyar ba tasa ba ce, kuma madugu yana da ikon ya ce karanto mini. Yaron da ke kula da rumbunku shi ne malamin ayarinku na yau. Ku girmama shi, ku biya shi haƙƙinsa, don aiki ne. Amma ku sani akwai babban makulli a cikin Linux da ake kira root, wanda mai shi ke iya buɗe kowane ɗaki, ya karanta komai, ya share komai. Duk rabon ɗakunan da muka yi bayani, wannan makulli yana bisansa.

Saboda haka kada ya zauna a kan mutum ɗaya. Yaro na iya samun aiki a Hassi Messaoud ya tafi, na iya kwanciya ciwo, na iya yin fushi. A rubuta babbar kalmar sirrin a takarda, a sa a ambulan, a manne, shugaba da ma'aji su sa hannu a bakin, a ajiye inda ake ajiye kuɗin asusu. In an buɗe ambulan, a canza kalmar a sake mannewa. A samu mutum na biyu ya koyi aikin, mace ko namiji. Ƴan matanmu da suka yi karatu suna nan, kuma sun fi samari zama wuri ɗaya. A sayi littafi mai bango, duk umarnin da aka ba na'ura mai canza wani abu a rubuta shi da kwanan wata da dalili.

Abu biyu kafin mu rufe. Hoton takarda ba ya maye gurbin takardar ainihi a gaban jami'i. Amfaninsa shi ne yana riƙe muku lamba da kwanan wata da hatimi, abin da zai sauƙaƙa neman wata in ta farko ta ɓace, ya kuma kashe gardama tsakanin abokan ciniki. Takardarku ta ainihi ta zauna a jikinku cikin leda. Na biyu, ba komai ake zubawa a ɗakin kowa da kowa ba. Katin shaida, fasfo, takardar zama, waɗannan sirrin mai su ne. In babu larura kada a ajiye. In da larura, a ɗakin da shi da magatakarda kaɗai ke shiga, kuma da saninsa.

To iyayena, a zama na gaba ku kira yaron, ku ba shi shayi, ku yi masa waɗannan tambayoyi. Su wa ke da makulli, karanto mana. Wa ke iya rubutu a littafin bashi? Ƙofar 445 a rufe take ga intanet? Yaushe aka yi kwafi na ƙarshe, kuma faifan yana gidan wa? In ka yi tafiya gobe, wa zai riƙe? In ya amsa duka biyar ba tare da kame-kame ba, kun yi dace, ku riƙe shi da kyau. In ya yi shiru a wata, ba abin faɗa ba ne. Ku ba shi mako guda ya gyara, sannan ku sake tambaya.

Nan za mu dasa aya. Wanda bai samu rubuta sunayen umarnin nan ba, suna cikin takardar shirye-shiryenmu, a karɓa a miƙa wa mai kula da rumbu. Masu tafiya Allah ya kiyaye hanya, masu kiwo Allah ya ba da ciyawa da ruwa, masu ciniki Allah ya kawo kasuwa. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.